Awon Jini da Kimanta Aikin Ƙoda a Arewacin Zamfara

Likita ba ya ganin ƙoda da idonsa, sai dai ya gane aikinta daga abin da ta bari cikin jini. Kullum tsokar jikin mutum ta kan fid da wata dauɗa da a ke kira kiriyatinin, ƙoda kuwa ita ke tace ta, ta zubar cikin fitsari. Idan ƙoda ta raunana, sai dauɗar nan ta taru. Saboda haka in an ɗebi jinin majiyyaci a asibitin Ƙaura Namoda domin a san lafiyar ƙodarsa, ita a ke fara aunawa.

Amma fa lambar da ke fitowa kan takarda ba ta isa hukunci ita kaɗai ba, gama yawan kiriyatinin yana bin yawan tsoka. A shekarar 1976 waɗansu likitoci biyu na Kanada, Cockcroft da Gault, suka tsara lissafi: a ɗebe shekarun mutum daga 140, a ninka da nauyinsa na kilo, a raba da 72, sa'an nan a raba da lambar kiriyatinin, watau miligiram nawa ne cikin desilita guda ta jini. In mace ce, a ninka da 0.85.

A ɗauki mahauci ƙaƙƙarfa mai kilo 80, da wata baiwar Allah ramammiya mai kilo 45, kowannensu shekara 60, lambar kowa 1.0. Ƙodar mahaucin tana tace wajen mililita 89 a minti guda, ta matar ba ta wuce 43 ba. Takardunsu iri ɗaya, amma ita tata ba ta kai rabin tasa ba, kuma in aka ba ta magani mai fita ta ƙoda daidai da nasa, yana iya taruwa ya cuce ta.

Lamarin ya fi tsanani ga yara. A Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da Ma'aikatar Lafiya suka auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi, suka sami fiye da ɗaya cikin huɗu da tamowa. Yaron da tsokarsa ta zube kiriyatinin kaɗan ya ke fitarwa, har ƙodarsa ta soma gazawa lambar na nuna lafiya lau. Lissafin yara, na Schwartz, da tsawo ya ke aiki, tsawo kuwa ba ya raguwa da rama.

Akwai wani awon, na sistatin C, wanda bai dogara ga tsoka ba, sai dai yana da tsada. Inda babu shi, wajibi ne ma'aikacin lafiya ya ɗora majiyyaci bisa sikeli, ya auna fitsarin da ya ke yi, ya sake ɗibar jini bayan kwana ɗaya ko biyu ya ga ko lambar tana hawa.