Mata Da Tseren Motoci: Ko Gasar Mata Zalla Tana Da Amfani?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya tashi daga Lafani ta Illela ya tsallaka iyaka zuwa Birnin Ƙonni, to ya hau hanyar da ke kai mutum Tawa da Agadas. Ta Agadas ɗin nan ne tseren Faris zuwa Dakar na farko ya ratsa a farkon 1979, kuma tun a wannan karo akwai mata cikin masu tseren. A nan gida ma an daɗe da sanin tseren motoci a bikin kamun kifi na Argungu. To amma har yanzu jama'a da dama suna ɗaukar wannan wasa na maza ne kurum.

Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. A 1982 Michèle Mouton, 'yar Faransa, ta zo ta biyu a gasar duniya ta tseren daji. A 2001 kuma Jutta Kleinschmidt ta Jamus ta cinye tseren Dakar ɗungurungum, maza na biye da ita. Mota dai ba ta tambayar ko wane ne ke riƙe da sitiyari.

Saboda haka waɗansu ke cewa ware wa mata gasarsu tauye su ne. Suna kafa hujja da gasar W Series, wadda aka buɗe a 2019, ta durƙushe a 2022 don rashin kuɗi.

Amma akwai wani gefen. A Maroko, tun 1990 ake yin tseren Aïcha des Gazelles na mata zalla, inda ba gudu ake dubawa ba, sai iya karanta taswira da zaɓen hanya mafi gajarta cikin hamada. A Saudiyya kuwa, inda sai a 2018 aka yarje wa mata tuƙi, an fara tseren mata na Rally Jameel a 2022, shekarar da Dania Akeel da Mashael Al-Obaidan suka shiga tseren Dakar tare da maza.

A ƙasa irin tamu, uban da ba zai bar 'yarsa ta cuɗanya da maza a fagen tsere ba yana iya amincewa idan fagen na mata ne. Nan amfanin gasar yake: ta zama makaranta inda yarinya za ta koyi tuƙi, da gyaran inji, da sanin hanya. Sharaɗi ɗaya ne kawai. Wadda ta gwanance kada a tsare ta a nan, a bar mata ƙofar babbar gasa a buɗe.