Watil: Ƴar Ostireliya da Ta Samu Gindin Zama a Maraɗi

Shirin na yau zai kai mu Ostireliya, mahaifar wata bishiya da ake kira watil, dangin bagaruwa da ɗakwara.

Ire-irenta a can sun kusa dubu, daga gajeru masu cunkoson rassa zuwa dogaye. Mutanen ƙasar na ji da ita ƙwarai: a 1988 aka ayyana mai fure ruwan zinare a matsayin furen ƙasa, kuma kowace ranar 1 ga Satumba ana bikinta. Amma tun dubban shekaru kafin zuwan Turawa, ƴan asalin ƙasar ke tattara ƴaƴanta, su niƙa a dutse, su gasa gurasa a garwashi. Yau a biranensu ana soya ƙwayar, a zuba garinta cikin burodi da kayan zaƙi, saboda ƙamshinta mai kama da na gahawa.

Shukarta na buƙatar dabara ɗaya. Ɓawon irin tauri ne da shi, don a daji zafin gobara ke farkar da shi. Saboda haka manomi kan kwara masa tafasasshen ruwa, ya bar shi ya kwana a jiƙe, sannan ya shuka a leda. Da damina ta kankama, sai dashe. Tana jure fari da jigawa, saiwarta kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar ta wake.

Wannan juriya ce ta kai ta Jamhuriyar Nijar. A yankin Maraɗi, masanin noma Tony Rinaudo da abokan aikinsa na ƙungiyar SIM sun gwada nau'in Acacia colei tare da manoma. Cikin shekara biyu take fara ƴaƴa, suna nuna da rani, lokacin da rumbu ya fara ja baya. Fiye da kashi 20 cikin ɗari na ƙwayar furotin ne, kuma tana shekaru a ajiye ba ta lalace ba. Mata na cakuɗa garinta da na gero ko dawa su tuƙa tuwo, sai dai masu bincike sun ja kunne kada ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na garin.

Ba ta da tsawon rai, galibi ba ta wuce shekara goma. Shi ya sa manoma ke sassabe rassanta bayan girbin ƴaƴa: su samu itacen girki, ganyen ya rufe gona, ita kuma ta sake tofo da damina.