Ƙarfin Gwiwa Guzurin Tsayuwar Dare

Ya ku bayin Allah na Agye, Gazawa da Gidan Rumji, dattawa nawa raunin gwiwa ya zaunar a tarawihi? Tsokar da aka bari ba aiki ramewa take yi. Akwai atisayen da babu motsi cikinsa: mutum ya jingina bayansa da bango, ya lanƙwasa gwiwoyi kamar mai zama bisa kujera, ya daure rabin minti. Cinya takan ƙarfafa, hawan jini yakan sassauta in an dawwama. A yi shi bayan buɗa-baki, kwana 2 ko 3 a mako, kada a riƙe numfashi, domin hakan na ɗaga jini. Mai hawan jini ya fara shawartar likita. Allah ya ba mu ikon tsayuwa.