Mece ce kyamarar CCTV, wacce kuma ta dace da gida?

Na'ura ce da ake kafawa a bango, tana ɗaukar bidiyo dare da rana, tana adanawa a katin memori ko akwatin DVR.

Fara duba kyawun hoto. Mai 1080p, wato megafiksel 2, tana nuna fuskar wanda ya tsaya a bakin ƙofa, amma lambar babur daga nesa sai wadda ta fi haka. Gwada ta cikin duhu kafin ka biya.

A inda ake yawan ɗauke wuta, mai sola da batir ta fi. Nemi mai alamar IP66, wadda ruwan damina da ƙurar hunturu ba sa shiga cikinta. Wajen kafawa kuma, kada ta leƙa tsakar gidan maƙwabci.