Alamun 'yan ci-rani a Abidjan

A birnin Porto Alegre na kudancin Brazil akwai wani katafaren ginin ƙarfe mai siffar jirgin ruwa. An kafa shi a 1974 domin tunawa da iyalan da suka taso daga tsibiran Azores na ƙasar Portugal, suka zauna wurin a 1752. Ƙasashe da yawa haka suke karrama baƙin da suka raya su.

Bahaushe bai saba da kafa mutum-mutumi ba, addini ma bai ba shi hanya ba. Saboda haka mai neman sawun Hausawa da sauran mutanen Nijar a Abidjan sai ya duba wani wajen.

Fataken goro sun daɗe da sanin ƙasar Kwaddibuwa, amma tururuwar gaske ta biyo bayan haƙa mashigin Vridi a 1950 da buɗe tashar jiragen ruwa ta Abidjan a 1951. Aiki ya samu, samari suka kwararo daga arewa. Treichville, unguwar da aka raɗa wa sunan Bafaranshe Marcel Treich-Laplène, ta karɓi 'yan dako, Adjamé mai kasuwa da tashoshin mota ta karɓi 'yan tireda. Wanda ya iso sai ya nemi mai masauki da masallacin 'yan garinsu.

A Treichville ɗin Bafaranshe mai shirya fim Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Moi, un noir, wanda ya fito a 1958. Jarumin, Umaru Ganda, Bazabarme ne ɗan Yamai, tsohon soja da ya yi yaƙi a Indochina, kuma dako yake yi a tashar lokacin da suka haɗu. Fim ɗin ya adana abin da ƙarfe ba zai iya ba: muryar leburan kansa, yana faɗin yunwarsa da burinsa. Daga baya Ganda ya zama mai shirya fim, ya lashe babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a 1972.

Ga kuma garba, wato acake (turararren garin rogo) da soyayyen kifin tuna da barkono, abincin talaka da ɗalibi a duk birnin, wanda ake danganta sunansa da 'yan Nijar masu sayar da shi.

Ganda ya rasu a 1981. Cibiyar al'adun da ke ɗauke da sunansa tana Yamai, garin da ya koma.