Darasi: Istirojin da Tsatsar Cikin Jiki

Ɗalibai, ku tuna da abin da yake faruwa idan an fere doya aka bar ta a fili. Ba da daɗewa ba farar doyar takan yi duhu, domin wasu sinadarai na cikinta sun haɗu da iskar oksijin. Irin wannan sauyi yana faruwa a jikin ɗan Adam, kuma sinadarin istirojin yana cikin abubuwan da suke jawo shi.

Istirojin sinadari ne da jini yake ɗauka zuwa sassan jiki. A jikin mace, ma'ajiyar ƙwai guda biyu da ke gefen mahaifa su ne suka fi samar da shi. Kitsen jiki ma yana samar da shi, kuma maza suna da ɗan kaɗan. Shi ne yake sa nono ya fito idan yarinya ta balaga. Yana daidaita al'adar wata-wata, yana kuma ƙarfafa ƙashi.

Idan istirojin ya gama aikinsa, dole jiki ya fitar da shi. Hanta ce take yin mafi yawan wannan aiki. Da farko takan liƙa masa oksijin, sai ya zama wani sinadari mai suna katekol. Daga nan hanya ta rabu biyu. A hanya ta farko, jiki yakan kashe kaifin katekol, ya fitar da shi ta fitsari ko bayan gida. A hanya ta biyu, katekol yakan rikiɗe ya zama kwinon, dangin sinadarin da yake sa doya ta yi duhu.

Kwinon ba ya zama wuri ɗaya. Yakan koma katekol, ya sake zama kwinon, a yi ta juyawa. A cikin wannan juyawa ake samun ɓarɓashin oksijin mai ƙuna. Ɓarɓashin yakan lalata bangon ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa take cin ƙarfe. Shi kuma kwinon yakan manne wa DNA, wato ma'ajiyar bayanan gado, ya ɓata ta. Jiki yana da masu tsaro, kamar sinadarin gulutatayon, wanda yake kama kwinon. Matsala takan taso idan ɓarna ta fi ƙarfin masu tsaron. Masana suna ganin wannan yana cikin hanyoyin da sankarar mama take farawa.

Kada ku ɗauka istirojin abokin gaba ne. Abin lura shi ne yawansa da tsawon shekarun da jiki ya yi da shi. Bayan mace ta daina al'ada, kitse ne babban tushensa, don haka ƙiba mai yawa tana ƙara haɗarin cutar. Shan giya ma yana ƙara shi. Motsa jiki da shayar da jariri nono suna rage shi. Duk wadda ta ji ƙullutu a nononta, ta je asibiti da wuri, domin sankarar da aka gano da wuri ta fi sauƙin magani.

Tambayoyi
1. Wace gaɓa ce take yin mafi yawan aikin fitar da istirojin?
2. Mene ne aikin gulutatayon?
3. Ku kawo abubuwa biyu da suke rage haɗarin sankarar mama.