Gyaran Ƙaramin Ɗakin Girki a Gidajen Bene

Tun daga shekarar 2003 da Gwamnatin Tarayya ta ɓullo da tsarin biyan ma'aikata kuɗi a maimakon ba su masauki, aka kuma soma sayar da gidajen gwamnati a Abuja a 2005, ma'aikata da dama suka mallaki sassan benayen da suke ciki. Abin da matan irin waɗannan gidaje suka fi kuka da shi kuwa shi ne ƙuncin ɗakin girki, domin macen da ta saba da faɗin tsakar gida, ga murhu ga turmi ga randa, sai ta tarar da ɗakin da mutum biyu ba sa iya juyawa a cikinsa.

Mai gida kan ɗauka cewa maganin abin shi ne ya fasa bango ya ƙara faɗi. To, a gidan bene wannan kasada ce, saboda wani bangon shi ke ɗauke da nauyin hawan da ke sama, bututun ruwa kuma na haɗaka ne da maƙwabta. Bai kamata a ɗora guduma a kan bango ba sai injiniyan gini ya duba ya amince.

Ƙuncin nan ba sabon abu ba ne a duniya. A 1926, lokacin da birnin Frankfurt na ƙasar Jamus ke gina wa ma'aikata gidaje masu sauƙin kuɗi, wata masaniyar zanen gini 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara ɗakin girki mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4 kacal. Ta yi koyi da madafar jirgin ƙasa, inda kuku ke ciyar da fasinjoji masu yawa a ɗan lungu, ta kuma auna takun da mace ke yi tsakanin wannan aiki da wancan. An gina kimanin 10,000 irinsa, kuma daga gare shi tsarin kicin na zamani ya samo asali. Darasinsa shi ne, tsari ya fi faɗi muhimmanci.

Saboda haka awo shi ne matakin farko. Wurare uku ne mai girki ke kai da komo a tsakaninsu, wato firiji, wurin wanke-wanke da murhu, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada tazarar kowane biyu ta gaza mita 1.2 ko ta zarce mita 2.7. Teburin aiki akan yi shi da tsayin kusan santimita 90 da zurfin santimita 60. In ɗakin siriri ne ƙwarai, gara a jera komai a jikin bango ɗaya. Ya kamata kuma a bar famfo a inda yake, domin ɗauke shi na jawo fasa daɓe da kashe kuɗi, yoyonsa kuwa a kan maƙwabcin ƙasa zai sauka.

Inda ƙasa ta gaza, bango na nan. Kafinta na iya kai kabad har rufi, a ajiye manyan tukwanen suna da na biki can sama, a rataye ludayi da muciya da matankaɗi a ƙugiya. Buhun shinkafa ko na masara a juye shi cikin mazubi mai murfi a ƙarƙashin tebur. Ƙofa mai zamewa ba ta cin wuri kamar mai buɗewa ciki, farin fenti kuma na ƙara haske.

Babban abin lura shi ne iska. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, don haka in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Kada a kulle tukunyarsa cikin kabad marar huda daga ƙasa, kada kuma a toshe taga don neman wurin kanta. A riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo. In ya yi kumfa, akwai yoyo. Rigakafi dai ya fi magani, musamman a gidan da iyalai da yawa ke bin matakala guda.

Daga ƙarshe, kafin a kira kafinta, wajibi ne mai gida ya zauna da uwargida a zana tsarin tare a takarda, domin ita ce ta san tukunyar da take ɗauka kullum da wadda sai shekara-shekara.